Ana horar da likita a birni, a jefa shi karkara shi kaɗai

A Najeriya shekara 6 ɗalibi ke yi kafin ya samu MBBS, wato digirin likita, sai wata 12 na koyon aiki: wata uku-uku a sashen manya, tiyata, yara da haihuwa. Daga nan sai bautar ƙasa. Galibin horon nan a manyan asibitocin koyarwa ake yin sa, irin su Malam Aminu Kano da Shika, inda kowace cuta ke da nata ƙwararren. Sai a wayi gari an tura yaron nan babban asibitin ƙaramar hukuma, shi ne na mata, shi ne na yara, shi ne mai tiyata.

A ɗauki mai ciki da aka kawo da jijjiga ƙarfe biyun dare. Ya haddace cewa magnesium sulphate ake bayarwa, giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu. Amma sau nawa ya haɗa allurar da hannunsa? Ya san kafin ya ƙara wata sai ya ƙirga numfashi, ya buga gwiwa, ya duba yawan fitsari? A asibitin koyarwa manyan likitoci ne a bakin gado, ɗalibai na baya suna leƙe. Haka aikin ciro jariri: wanda ya riƙe ƙarfe sau da yawa bai zama wanda ya yanka ba. Littafin shaidar ayyuka kuwa, kowa ya sani, wani lokaci rana guda ake rattaba masa hannu a ƙarshen zango. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin rai ake sa wa hannu.

Ga kuma abin da ba a koyarwa: aiki babu kayan gwaji. Oxytocin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa, idan ta daɗe cikin zafi ba firji ƙarfinta raguwa yake, sabon likita sai ya ga jini bai tsaya ba ya rasa dalili.

Akwai fannin likitancin iyali, mai horar da likita ya duba kowane irin mara lafiya, a Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ta Afirka ta Yamma, amma gurabe kaɗan ne, kuma ana yi masa kallon na waɗanda suka rasa tiyata. Kuskure ne babba.

A ganina MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, ta wajabta aƙalla wata uku na koyon aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma, ƙarƙashin ƙwararren likitan iyali da ke kwana a garin. Kada a ba kowa cikakken lasisi sai an gan shi da ido ya ciro jariri, ya farfaɗo da wanda bai yi kuka ba, ya ɗebi ruwan ƙashin baya ga mai sanƙarau. Jihohi kuma su biya waɗannan malaman alawus na koyarwa, su gyara musu gidajen kwana a cikin asibitin.