Kafin ki ce mata "kin yi baƙi"

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

A wani gidan biki, wata gwaggo ta kamo hannun 'yar ɗan'uwanta, yarinyar da ba ta wuce shekara 16 ba, ta jujjuya shi ta ce, "Ke da wannan baƙin naki, wa zai kwashe ki?" Ɗaki ya ɗauki shewa. Yarinyar ta yi yaƙe ta sunkuyar da kai. Da na sake ganinta bayan 'yan watanni, fuska ta yi jajir, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, tana ta cusa hannu cikin hijabi.

Mun iya zagin masu bilicin. Kuma man nan da ake haɗawa a robobi marasa suna guba ne: hydroquinone, sitiroyid, wani har da makuri. Fata ta yi laushi kamar leda, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, ƙoda ta taɓu. Abin ya kai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2023. Amma wa ya aiki yarinyar nan kasuwa sayen man? Bakinmu ne. Siririya mu ce sillen kara, ta koma haɗiyar ƙwayoyin ƙiba. Mai jiki mu ce buhu, ta daina cin abinci. Samari kuma suna ta "fara ko mayya ce", wai wasa.

Ciwon da ke ciki ya fi na fata. Yarinya ta ɗauki hoto goma ta goge, ta kalli fuskar da TikTok ya gyara mata, sannan ta kalli madubi ta ji ta tsani wadda ke ciki. Wannan ƙiyayya ce da halittar da Allah ya ce a Suratur Rum, aya ta 22, bambancin launukanmu yana cikin ayoyinSa.

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska tana kaɗa shi, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa. Annabi (SAW) bai bar dariyar ta wuce ba. Ya tambayi abin da ya ba su dariya, sannan ya rantse cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Nan take ya tare masa, a gaban kowa. Ayar hana izgili a Suratul Hujurat kuwa, mata ta ware ta ambata daban, kada wasu su yi wa wasu.

Ranar bikin nan ina zaune a ɗakin, kuma ban ce uffan ba. Kunyar gwaggo na ji, Allah ya yafe mini. Daga baya na ja yarinyar gefe na nemi yafiyarta. Ta ce, "Ba komai Anti, ai gaskiya ta faɗa."