Kafin ka rubuta CEO a gaban sunanka, tsaya ka ji

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuka shiga harkar kwamfuta da intanet, yau da ku nake. Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Duk ranar da labari ya fito cewa wani kamfanin fasaha a Legas ya samu miliyoyin daloli sai gari ya ɗauka, kowa na turawa a guruf ana ta masha Allah, kafin sati ya zagayo yara uku sun haɗu sun zana tambari a waya sun buɗe shafi a Instagram, wannan CEO, wato shugaban kamfani, wancan mataimakin CEO, na ukun ma an nemo masa muƙami don kar ya yi fushi. Ka tambaye su me kuke sayarwa, wa ya taɓa biyanku ko naira ɗari, sai a fara yi maka turanci. Wallahi abin yana damuna, don yawancinsu yara ne masu ƙwaƙwalwa, kawai ƙarshen labari suka ji ba su ji farkonsa ba.

Ɗauki Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da kowa ke kafa misali da shi. Abin da aka riƙe shi ne a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. To amma Shola Akinlade da Ezra Olubi da suka kafa shi a 2015 ba daga sama suka faɗo ba, kimiyyar kwamfuta suka karanta a jami'ar Babcock, sun yi shekaru suna rubuta manhaja suna yi wa wasu aiki kafin nan. Kuma matsalar da suka kama ba wata mai ƙyalƙyali ba ce, ɗan kasuwa ne yake son karɓar kuɗi da kati ta intanet amma sai ya yi ta zarya a banki da takardu, su kuma suka sauƙaƙa masa. Shi ke nan fa.

Wanda ma ya fi burge ni Moniepoint ne, don shi ba sai an ba ka labari ba, fita bakin titinku ka duba shuɗiyar na'urar nan da ke hannun mai POS a ƙarƙashin lema, tana wajen mai shayi, tana wajen mai nama, tana kemis. Tosin Eniolorunda da Felix Ike sun fara ne a 2015 da sunan TeamApt, kuma shekarun farko bankuna suke rubuta wa manhaja, mutumin kan titi bai ma san da su ba. A nan suka gane inda gizo ke saƙa. Kowa ya san baƙin cikin nan, an cire maka kuɗi a asusu, na'ura ta ce bai tafi ba, mai shago ya ce shi bai ga alat ba, kai kuma ga kaya a hannu ga kunya, sai a ce ka je banki ka cike fom ka jira kwanaki. Wannan ciwon suka bi, kuɗi ya shiga nan take, in an samu matsala akwai wakilinsu a unguwa da mai shago zai kira. Da aka shiga wahalar takardun naira a farkon 2023, lokacin da manhajojin bankuna da yawa suka riƙa sarewa saboda cunkoso, su a shirye suke. Sai a 2024 darajar kamfanin ta kai dala biliyan 1. Lissafa da kanka, shekara tara kenan, kai kuma wata uku da buɗe shafi har ka fara cewa mutanenmu ba sa tallafa wa nasu.

Sannan dan Allah ku daina ɗaukar kuɗin masu zuba jari kamar riba ko kyauta. Wanda ya ba ka dala ya sayi wani yanki na kamfaninka ne, amana ce a wuyanka kuma zai dawo ya tambaya. Kamfanin 54gene mai binciken ƙwayoyin halitta an kafa shi a 2019, ya tara kusan dala miliyan 45, jaridun duniya sun yi ta yabonsa, a 2023 ya rufe. Kuɗin bai hana ba.

Akwai kuma wasu 'yan uwan namu da suka mayar da neman tallafi sana'a, yau suna wannan gasa gobe suna wancan taro, rataye da kati a wuya ana ta hoto, takardun shaida sun cika jaka, tunani ɗaya ake ta canza wa suna shekara da shekaru. Ban ce zuwa taro laifi ba ne, ana haɗuwa da mutanen kirki, amma alƙalan gasa ba su ne kwastomominka ba.

Na san za a ce ai kuɗin duk Legas yake tafiya. Gaskiya ne, mafi yawansa can yake zuwa, ga matsalar wuta ga tsadar data, ban musa ba. Amma Aminu Bakori a Kaduna ya fara harkarsa, shi da Kabir Shittu suka kafa Sudo Africa mai taimaka wa kamfanoni su fitar da katin biyan kuɗi, a 2022 suka samu jarin dala miliyan 3.7. Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar fasaha ta CoLab a Kaduna tun 2016 yara na koyon aiki. Ba su jira an kawo musu Legas ƙofar gida ba.

Kuma mu da matsaloli suka yi wa yawa me ya kai mu kwaikwayon manhajar wasu? Shiga Kantin Kwari ka ga bashin miliyoyi a littafi mai bangon kwali, wani shafin ma ya yage, in yaron shago bai zo ba babu wanda ya san wa ya biya wa bai biya ba. Je Dawanau ka ga mai hatsi na neman motar da za ta kai kaya kudu, a waje guda kuma direba na neman lodi. Je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ka ga kwanduna na ruɓewa a rana. Ka samu Alhaji ɗaya a cikinsu ka roƙe shi ka zauna a shagonsa sati guda, bakinka a rufe, ka ga ta inda kuɗinsa ke zurarewa. In ka haɗa abinka ka kai masa kar ka ce kyauta ne, sa masa kuɗi ko kaɗan ne, don in kyauta ne zai ce Allah ya yi albarka ya ajiye, in ya zaro kuɗi daga aljihu to ka taɓo wajen.

In kuma da abokai za ku yi, tun yanzu da babu ko sisi ku zauna ku rubuta kason kowa da aikin kowa, da abin da zai faru in wani ya samu aikin gwamnati ya tafi, ku sa hannu gaban shaidu ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kar wani ya ce ai mu 'yan uwan juna ne kunya ba za ta bari ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka.