Jirgi mai tan 30 ba a tura shi da kafaɗa

Wanda ya san bakin ruwa a Yawuri ko Baga ya san yadda sabon jirgi ke shiga ruwa. A gaɓa ake haɗa katakonsa, a gaɓa ake toshe kafofinsa. Ranar da ya kammala sai a jera itace a ƙarƙashinsa, a yi gayya, majiya ƙarfi su sa kafaɗa. Ba wanda ke tambayar nauyinsa, domin ruwa na kusa kuma hannu da yawa. A nan Ingila, inda tsadar haya ta sa mutane da dama komawa zama cikin jirgi a kan kanal, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin dakon kwal, wanda ya zo da tunanin "a gama ginawa tukuna" asara zai tafka. A ganina wurin sauke jirgi cikin ruwa ake fara nema, kafin ma a biya kafin alƙalamin jirgin.

Jiragen nan na ƙarfe ne, kuma iri biyu ne. Siriri faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, mai tsawon ƙafa 57 bai cika haura tan 20 ba, garejin jirage da yawa na bakin kanal na iya ɗaga shi. Mai faɗi shi ne matsala. Jirgi mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 12 yakan kai tan 30 ko fiye, saboda kaurin ƙarfen gindinsa da bulon da ake jerawa ƙarƙashin daɓe don ya zauna daidai a ruwa. Sau da yawa nesa da ruwa ake ƙera shi, sai tirela ta kawo. Kaya kuwa da zarar faɗinsa ya wuce mita 2.9, doka ta ce a sanar da 'yan sanda kwana biyu na aiki kafin ya hau titi. Ƙafa 12 mita 3.66 ne. Saboda haka tambayar farko ga mai gareji ba ta ƙugiya ba ce, wato motar ɗaga kaya mai dogon hannu: shin tirela mai wannan tsawon za ta iya shan kwanar ƙofarku? Akwai ƙaramar gada ko wayar lantarki a hanya?

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne lambar da ke jikin ƙugiya. A ce musu "tan 100" sai hankali ya kwanta. Wannan lamba tana aiki ne kawai idan kaya na dab da jikin motar, kamar mita uku. Duk miƙewar da hannun ya yi, ƙarfi na raguwa. A nisan mita 12 abin da za ta ɗauka yakan sauko zuwa sulusi ko ƙasa da haka. Kuma ba a iya matso da ita leɓen ruwa, don gaɓar kanal ƙasa ce da aka tara fiye da shekara 200 da suka wuce, an yi ta ne don dokin da ke jan jirgi. Ita kanta motar ƙugiyar tana iya haura tan 50. Lokacin da ta juya da jirgi a sama, kusan duk nauyin kan taru a ƙafa ɗaya cikin ƙafafunta huɗu na tallafi. Idan akwai tsohuwar kwalbati ko ƙasa mai laushi a ƙarƙashin wannan ƙafar, nutsewa za ta yi, motar ta kife. Shi ya sa nake fifita garejin da ke da dandamalin kankare wanda aka saba sauke manyan jirage a kansa, ko mai injin nan mai ƙafafu huɗu da ke hawa kan ramin ruwa ya sauke jirgi tsaye ba juyi. Sai dai a auna: wasu injinan an yi su ne don siraran jirage, mai ƙafa 12 ba zai shiga tsakanin ƙafafunsu ba.

Sannan a duba wane kanal garejin yake. Kennet and Avon da babban layin Grand Union suna ɗaukar jirage masu faɗi, amma ƙofofin ruwan Foxton da na Watford a reshen Leicester, wato mashigan da jirgi ke shiga don hawa ko sauka tudu, faɗinsu ƙafa 7 ne. A Leeds and Liverpool faɗi ba matsala, tsawo ne: daga Wigan zuwa Leeds ƙofofin ba sa ɗaukar abin da ya wuce ƙafa 62. Mutum na iya biyan ƙugiya a sauke masa jirgi lafiya, ya tarar ba shi da hanyar kaiwa inda ya yi niyya. Hukumar Canal & River Trust, wadda ke kula da mil kusan 2,000 na waɗannan hanyoyi tun 2012, tana wallafa ma'aunin kowanne. Ita ce kuma ke ba da lasisi, kuma ba ta bayarwa sai da inshora.

A wajen hayar ƙugiya akwai tarko. Idan ka ɗauki ƙugiya da direbanta kawai don ya fi araha, tsara ɗagawar da alhakin abin da ya faru a wuyanka suke. Idan ka ba kamfanin kwangilar aikin gaba ɗaya, su za su zo su duba ƙasa, su rubuta tsari, su kawo mai ba da ishara. Araha ba ta ado a nan. Na biyun nake goyon baya ba tare da jinkiri ba. A gida amana da sanayya ke riƙe aiki irin wannan, kuma suna riƙewa, tunda kowa ya san kowa a tashar. Nan baƙi ne ke haɗuwa na rana ɗaya, takarda ce ke maye gurbin sanayya. Ka nemi ganin shaidar binciken bel da sarƙoƙi, wanda dokar kayan ɗaga nauyi ta 1998 ta ce a yi duk wata shida.

Ranar aiki a zubar da ruwan tanki, lita 1,000 tan guda ne. A gama shafa baƙin fenti a gindi tun yana tudu. Bel biyu ake ratsawa ta ƙasa, da sandar ƙarfe a sama mai buɗe su don kada su matse bangon ɗakin. Nauyi ya fi karkata baya inda inji yake, don haka a ɗaga kamar taƙi ɗaya, a tsaya a duba, in ya sunkuya a sauke a gyara. Idan iska ta taso direba ya ce a dakata, kada a matsa masa. Da gindi ya taɓa ruwa kuma kada a kwance bel nan take. Wani ya shiga da tocila ya duba inda sandar farfela ta ratsa jiki, da murfin ramin da ake cire ciyawa daga farfela, da duk bututun da ya huda ƙarfe. In an ga ɗigo, jirgin na rataye har yanzu, cikin minti kaɗan an mayar da shi tudu.