Poker ta intanet ba Whot ba ce

A teburin mai shayi a Samaru na ji wani ɗalibi yana cewa poker kamar Whot take, wai wanda ya fara ƙarar da katinsa shi ya ci. Ba haka ba ne. A nau'in Texas Hold'em kati 52 ne, kowa a ba shi biyu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Cikin bakwai ɗin nan kake haɗa biyar mafi ƙarfi. Ko katinka ba kyau, in kowa ya janye, kai ka ci.

Abin da ke damuna, caca ce tsagwaronta. Kowane zagaye ana zuba kuɗi, masu shafin kuma suna yankar kasonsu daga abin da aka tara.