Abin Da Za Mu Ɓoye Da Abin Da Ya Wajaba Mu Faɗa Game Da Zaman Saudiyya

Duk Bahaushen da ke zaune a Makka ko Jidda ya san cewa idan ya yi magana a kan rayuwarsa a nan, ba kunne ɗaya ne yake sauraronsa ba. Akwai mahaifiya a Katsina ko Maraɗi, wadda burinta kawai ta ji ɗanta yana lafiya kusa da Ɗakin Allah. Akwai ƙanne da 'ya'yan maƙwabta da suke lissafin riyal da naira, suna jiran ranar da za a ce su taho. Akwai 'yan'uwanmu haifaffun nan, waɗanda kakannin wasunsu suka ratso Sudan a ƙafa, suka haye teku daga Sawakin, suka zauna a unguwannin Misfala da Hindawiyya na Makka, kuma suna jin zafi idan aka siffanta garin da suka tashi a matsayin gidan wahala kawai. Akwai kuma kafili, wato wanda ma'aikaci baƙo yake zaune yana aiki a ƙarƙashin sunansa, da iyalinsa, akwai hukuma, tunda yanzu waya tana mayar da Hausa Larabci nan take. Maganar da aka yi domin mutum ɗaya takan isa ga dukkansu, kowa kuma da yadda zai ɗauke ta.

Ra'ayina shi ne mutum yana da damar yin shiru a kan sirrinsa, dole ne ya yi shiru a kan sirrin wani, amma ba shi da hurumin ya bar ƙarya ta tsaya a madadinsa idan ya san wani zai ɗora shawarar rayuwarsa a kanta.

Sirrin kai ba ya buƙatar dogon bayani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Nawa kake samu, bashin wa kake ɗauke da shi, me ya haɗa ka da maiɗakinka, babu wanda yake bin ka bashin wannan labarin, kuma wanda ya rufe shi bai yi munafunci ba.

Sirrin wani ya fi nauyi a ƙasar nan fiye da gida, domin a nan kalma ɗaya tana iya raba mutum da iyalinsa. Wanda ya ambaci cewa wance ba ta da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ko wane ya zo Umara ya ƙi komawa, ko ya nuna hoton ɗakin da suke kwana har ana gane unguwar, yana iya zama sanadin da za a kai bayin Allah Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, shi kuma yana ganin labari kawai ya bayar. Haka nan kama sunan kafili ko kamfani a bainar jama'a. Dokar laifukan intanet da Saudiyya ta kafa a 2007 ta tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000 a kan ɓata suna, kuma hukuncin abin da aka ɗauka ya taɓa zaman lafiyar jama'a ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Wanda aka zalunta yana da ofishin ƙwadago da kotun ma'aikata da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda. Ko da waɗannan hanyoyin suna da jinkiri, sun fi masa alheri a kan ya fito fili ya zazzage, ya wayi gari shi ne wanda ake tuhuma.

Inda nake da ja da yawancinmu shi ne abu na uku. Mun saba mu kira shi rufin asiri, alhali sau da yawa ba asiri muke rufewa ba, rami muke rufewa da ciyawa a kan hanyar da ƙannenmu za su biyo. Ana turawa gida hoto a harabar Harami, da farar jallabiya, da agogon Makka a baya, ba a taɓa cewa komai a kan yadda ake biyan kuɗin haya ba. Kowane hoto gaskiya ne, amma idan aka tara su sai su ba da labarin da ba haka yake ba. Saurayi a ƙauye yana kallo, sai ya matsa wa mahaifinsa a sayar da gona ko shanu a ba ejan, ejan kuma ya ce masa da bizar Umara ma ana samun aiki, kowa haka ya fara.

Wannan saurayin yana da haƙƙin ya ji daga bakinmu cewa bizar Umara ba ta ba da izinin aiki, ba ta kuma ba da izinin Hajji, kuma wanda ya wuce wa'adinta ya zama mai laifi a idon doka, kullum gabansa yana faɗuwa idan ya hango askarawa. Yana da haƙƙin ya san cewa gyaran da aka yi wa tsarin kafili a watan Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfanoni sauya wurin aiki da fita ƙasa, bai haɗa da masu aikatau a gidaje da direbobin gida da makiyaya ba, kuma waɗannan su ne ayyukan da aka fi kawo mutanenmu su yi. Mai tunanin kawo iyali ya kamata ya ji cewa tun watan Yuli na 2017 ake biyan kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci, an fara da riyal 100 a wata, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku zai nemi riyal 19,200 a shekara kafin a yi maganar haya da abinci da makaranta. Iyalai da dama da suka shekara da shekaru a nan wannan lissafin ne ya sa suka tattara suka koma.

Wani lokacin ma abin ya wuce dukiya. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin zafin da ya haura digiri 50, babu tanti mai sanyi, babu motar da za ta ɗauke su. Wanda ya san haka, sannan ya ji dattijuwa a danginsa tana shirin bin wannan hanyar saboda arha, ya yi shiru don kada a ce yana yi mata baƙin ciki, ban ga yadda za a kira shirunsa kunya ko kawaici ba.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Ya hana gulma da kakkausar murya a Suratul Hujurat, amma lokacin da Faɗimatu bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata a fili cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. Mai neman shawara ita aka gaya wa, gwargwadon abin da take buƙata domin ta yanke hukunci, ba a tara jama'a aka shelanta ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace da mu: wa yake buƙatar sani, kuma me zai same shi idan bai sani ba.

Na san abin da za a ce, kuma ina jin nauyinsa. Za a ce idan ka faɗi wahala, Hajiya za ta ji, hawan jininta ya tashi, dangi kuma su ce ka ci ka ƙoshi kana toshe wa wasu hanya. Game da uwa, na yarda ba kowane ciwo ake kai mata ba, kuma cewa "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri" ba ƙarya ba ce ga wanda ya kwana ya tashi lafiya. Amma ƙanin da ya riga ya fara neman fasfo ba a matsayin Hajiya yake ba. A kira shi shi kaɗai, a ce: "Ƙanena, kawo takardar da ejan ya ba ka in gani. Wace irin biza ce? Wane aiki aka rubuta? Nawa ne albashin, kuma wa zai biya kuɗin igama?" Idan ya ji komai ya ce duk da haka zai zo, ya zo da idonsa a buɗe, a tarbe shi, a taimaka masa.

Abin da za a faɗa a gaban kowa kuwa, a tsaya a kan doka da lissafi da yadda tsarin yake aiki, ba tare da sunan mutum ko hoton gidansa ba, domin waɗannan ba su tona asirin kowa, kuma hukuma da kanta tana shelanta su. A haɗa da alherin da ke nan, wanda yake da yawa: tsaro, wutar lantarki da ba ta yankewa, sallah a Harami, da mutanenmu da suka yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura, ko suka zo da kwantiragi na gaskiya a asibitoci da kamfanoni suka gina gidaje a gida. Wanda ya ɓoye wannan ɓangaren don a tausaya masa, shi ma ya karkatar da labarin, kuma haifaffun Makka da ke jin haushin irin wannan magana suna da hujja.