Da wane ma'auni aka auna gidan?

A duk lokacin da aka zo muhawara kan ko gidajen zamani sun fi na da girma, alƙaluman da aka fi ɗagawa su ne na Hukumar Ƙidaya ta Amurka, waɗanda suka nuna cewa matsakaicin faɗin sabon gida ya tashi daga murabba'in ƙafa 1,660 a shekarar 1973 zuwa 2,687 a 2015, alhali kuwa a wannan tsakanin mutanen da ke zaune a gida ɗaya sun ragu daga kimanin uku zuwa biyu da rabi. Alƙaluman sahihai ne, sai dai ana ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu, domin suna magana ne a kan sababbin gidaje na iyali guda kawai, ba su haɗa da fulat-fulat na benaye ba, ba su kuma taɓa tsofaffin gidajen da akasarin jama'a ke ciki ba.

Wanda ke son hoton dukkan nau'o'in gidaje sai ya koma ga binciken gidaje na ƙasar Amurka da aka soma a 1973, wanda yanzu ake yi duk bayan shekara biyu. Can ma da sauran rina a kaba, saboda mazaunin gidan ne ake tambaya faɗin gidansa, kuma ɗan haya da bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba ƙiyasi kawai zai yi.

Matsalar ta fi tsanani idan aka tsallaka iyaka, kuma a nan ne nake ganin masu sharhi suka fi yin kuskure. A ɗauki ɗaki guda da ke ƙarƙashin rufi mai gangare, irin wanda mutum ke tsayawa sosai a tsakiyarsa amma sai ya sunkuya idan ya matsa gefe. A Jamus, ƙa'idar awon da ta fara aiki a 2004 ba ta ƙirga wurin da tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, tana kuma ƙirga rabin wurin da ke tsakanin mita ɗaya da biyu. A Faransa kuwa, dokar Carrez ta 1996 tana watsar da duk inda bai kai mita 1.80 ba. Ɗaki ɗaya ne, amma faɗinsa a takarda ya bambanta tun kafin a ce komai game da tarihi. Ingila ta daɗe tana tallar gida da yawan ɗakunan kwana, wanda ba ya nuna ko ɗakin zai ɗauki gado da kabad, kuma ma'aunin Parker Morris na 1961, da ya kayyade faɗin gidajen gwamnati, an yi watsi da shi a 1980.

Saboda haka ra'ayina shi ne, laifin ba na ƙarancin bayanai ba ne kaɗai, har da gaggawar masu haɗa jadawali. Japan tana ƙidayar gidajenta duk shekara biyar tun 1948, ta kuma raba su bisa nau'in gini da kuma ko mallaka ne ko haya, abin da ya sa ake iya bin kowane nau'i daban. Hukumomin ƙididdiga na sauran ƙasashe ya kamata su riƙa wallafa alƙalumansu a rarrabe haka, tare da bayyana shekarar da suka sauya hanyar awo.