Na biya kuɗi a Tokyo don mage ta wulaƙanta ni

Har yanzu in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Na je Japan ne sayen kayan gyaran mota, ɗan ƙanwata da ke karatu a Tokyo ya matsa mini wai lallai sai ya kai ni gidan shayin maguna, inda ake biyan kuɗi a zauna a yi wasa da maguna. Na ce masa mage kuma? Wadda ke kwana a ƙarƙashin gadon kakarka? Ya ce, "Kawu, gani ya kori ji." Na biye masa, muka hau jirgin ƙasa na layin Yamanote zuwa unguwar Ikebukuro, muka haye wani bene.

Tun daga ƙofa aka fara gindaya mana sharuɗɗa. Cire takalmi, sa silifas ɗinsu (nawa ko dunduniyata bai rufe ba), wanke hannu, zuba jaka a loka. Wannan duk ban ƙi ba, mu ma ba ma shiga ɗaki da takalmi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, ashe tun lokacin da yarinyar da ke aiki a wurin ta rataya mana kati a wuya agogo ya fara ci. Yen 200 kowane minti 10, kowane mutum. Ina can ina fama da sabulu, kuɗina na tafiya. Sannan dole ka biya yen 350 na abin sha, ko kana jin ƙishi ko ba ka ji, kuma ba wanda zai haɗa maka shayin, inji ne a lungu ka danna ya tsiyayo maka ruwan ɗumi a kofin takarda. Mai shayin bakin layinmu da ya ga wannan sai ya yi kuka.

Sai dokokin ciki: kada ka ɗauki mage, kada ka tashi mai barci, kada ka bi wadda ta guje ka, kada ka kunna fitilar kyamara. To, jama'a, maguna wajen 15 ne a ɗakin, 12 barci suke sharara a kan katakon da aka kafa can kusa da rufi. Sauran ukun sun juya mana ƙeya. Na tsuguna gaban wata mai ruwan toka, fuskarta a baje kamar an take ta, na ce "mus, mus". Ta buɗe ido ɗaya, ta dube ni sama da ƙasa irin kallon da ake wa wanda ya zo cin bashi, ta mayar ta rufe. Na miƙa hannu zan shafa bayanta, kafin ƙiftawar ido ma'aikaciyar ta iso, ta gicciya hannuwanta biyu a ƙirji tana murmushi tana sunkuyawa. Ban taɓa ganin an hana mutum abu da ladabi mai cin rai irin wannan ba.

Yaron ya ce wai sirrin shi ne a sayi ɗan abin lasa. Wani yen 500 ke nan. Ina buɗe shi kuwa matattun nan suka farfaɗo, biyar suka yi kaina, wata har tana taka mini cinya da farce. Minti biyu suka lashe, suka watse, ko waiwaye babu. Mage mai kwanciyar ɗaukar rai!

Shi kuwa sai zuba mini tarihi yake yi: a Taipei ta Taiwan aka fara abin a 1998, ya shigo Japan ta birnin Osaka a 2004, ya karɓu saboda gidajen haya a nan ƙanana ne kuma masu gida da yawa ba sa yarda a ajiye dabba. Wannan na gane, har na tausaya wa wani magidanci cikin kwat da na gani zaune shi kaɗai yana kaɗa sandar gashin tsuntsu, babu magen da ta kula shi. Su ma magunan ban ga laifinsu ba sosai. Dabbar da ake jagwalgwala tun safe har dare, ai dole ta tsani ɗan Adam. Sai da hukuma ta sa baki a 2012 ta ƙayyade lokacin baje dabbobi da dare, a nan za ka san abin ya yi yawa.

Da muka zo fita aka ce mun yi minti 32, don haka kuɗin minti 40 za mu biya. Na ce minti biyun nan ai a layin biyan kuɗi muka ɓata su! Ma'aikaciyar ta sake sunkuyawa, ta nuna mini allon kwamfuta. Da harajin kashi 10 cikin 100, yen 3,080 na ƙirga na ba da, kuɗin da zai ciyar da mu biyun abincin rana har da canji. Na fito da gashin mage a baƙin wandona da atishawar da ta raka ni har masauki.

Muna saukowa daga benen yaron nan ya dube ni, ko kunya babu, ya ce, "Kawu, gobe sai na kai ka na mujiya."